Manɗiƙi a Cikin Na'ura: Yadda Ake Son Yanar Gizo Ta Gane Abin da Take Ɗauke da Shi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama. An ce in yi magana a kan fannin da nake aiki, wato ilimin kwamfuta, an kuma ja kunnena kada in cika ku da Turancin da ba a koya mana shi a aji ba. Saboda haka zan yi da Hausa, kuma zan tsaya a kan abu guda: yadda ake sa kwamfuta ta yi aiki da ƙa'idojin manɗiƙi don ta gane abin da ke cikin yanar gizo, da dalilin da ya sa wannan ya shafe mu duka, har da waɗanda ba su taɓa wata kwamfuta in ban da wayar da ke aljihunsu.

Manɗiƙi

Manɗiƙi shi ne ilimin auna hujja, wanda ke nuna ko hukuncin da mutum ya yanke ya biyo daga maganganun da ya gina shi a kansu. Aristotal na ƙasar Girka ne ya fara tsara shi fiye da shekaru 2,300 da suka wuce, sannan malamai irin su Alfarabi da Ibn Sina suka faɗaɗa shi da Larabci. Mu ma ba baƙonmu ba ne. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya yi musayar ra'ayi da Suyuɗi na Masar, wanda ba ya goyon bayan karanta shi.

Ga misali daga wannan harabar da muke zaune. Duk wanda ya makara zuwa taron safe zai yi yankan ciyawa. Wane ya makara. To, ko ba a faɗa ba, kowa ya san inda Wane zai wuni, kuma na ga wasu 'yan ajinmu suna murmushi domin sun san wajen. Abin lura shi ne, ba sai ka san Wane ko ka taɓa ganin ciyawar ba kafin ka fitar da hukuncin. Tsarin maganar kaɗai ya isa. Tunda haka ne, ashe na'ura ma za ta iya.

Yadda aka sa shi cikin kwamfuta

A shekarar 1965 wani masani mai suna John Alan Robinson ya fito da wata hanya guda ɗaya ta fitar da hukunci wadda ta dace da na'ura. A 1972, a birnin Marseille na Faransa, Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka gina harshen kwamfuta a kan wannan hanya, tare da gudummawar Robert Kowalski na Jami'ar Edinbura. Suka sa masa suna Prolog, wato taƙaitawar kalmomin Faransanci masu nufin tsara manhaja da manɗiƙi. Gwamnatin Japan ta ɗauki abin da muhimmanci ƙwarai, har ta kafa wani babban shiri a 1982 na ƙera sabbin kwamfutoci a kan wannan tushe, aka shafe kimanin shekara 10 ana yinsa.

Bambancinsa da sauran harsunan kwamfuta shi ne wannan. A yawancinsu, kamar aiken ƙaramin yaro ne: je ka ƙofar gida, bi dama, ƙirga shago uku, shiga na huɗu, miƙa kuɗin. Dole ka faɗi kowane taki. A Prolog kuwa abu biyu kake rubutawa, bayanai da ƙa'idoji, sannan ka yi tambaya, na'urar ta nemo hanya da kanta.

Bari mu gwada da tarihin da malaminmu ya koya mana. Mu ba na'ura bayanai uku: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo uban Muhammadu Bello ne, Muhammadu Bello uban Aliyu Babba ne, Abdullahin Gwandu ɗan'uwan Shehu ne. Sai mu ba ta ƙa'idoji biyu. Ta farko: mutum kakan wani ne idan shi ne uban ubansa. Ta biyu: mutum baffan wani ne idan shi ɗan'uwan ubansa ne. Yanzu a tambaye ta, wane ne baffan Bello? Za ta duba ƙa'ida ta biyu, ta ga sai ta nemo uban Bello, ta samu Shehu, ta nemo ɗan'uwan Shehu, ta samu Abdullahi, ta ba da amsa. Babu inda muka rubuta cewa Abdullahi baffan Bello ne, ita ta fitar. Haka nan za a iya juya tambayar a ce, Shehu kakan wa ne? Da ƙa'idar nan ɗaya za ta ce Aliyu Babba. Mafi muhimmanci, idan ka ce mata ina hujjarki, za ta iya jero maka matakan da ta bi ɗaya bayan ɗaya. Ku riƙe wannan, domin zan dawo kansa.

Yanar gizo mai ma'ana

Tim Berners-Lee, Baturen Ingila, shi ya kawo shawarar yanar gizo a 1989 yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. An tsara shafukanta ne domin mutum ya karanta. Kwamfuta tana ɗauko shafi ta shimfiɗa maka, amma kamar masinjan da ke kai wasiƙa take, ba ta san abin da ke ciki ba. Idan ta ga kalmar Kano, ba ta san ko birni ake nufi ba, ko jiha, ko masarauta, ko kuwa Kano Jigoro, mutumin Japan da ya kafa wasan judo.

A watan Mayu na 2001 Berners-Lee da James Hendler da Ora Lassila suka buga wata maƙala a mujallar Scientific American suna bayyana burinsu na yanar gizo mai ma'ana, wadda za a rubuta bayananta ta yadda na'ura za ta iya haɗa wannan da wancan ta fitar da hukunci. Hukumar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin yanar gizo tun 1994, ta fitar da kayan aikin a hankali. Na farko shi ne RDF a 1999, wanda ke rubuta kowane bayani da gaɓa uku: abu, dangantaka, da abin da aka danganta shi da shi. Misali: birnin Kano, babban birnin, Jihar Kano. Kowane abu kuma ana ba shi adireshinsa na musamman, don kada a rikita birni da ɗan judo. Sai OWL a 2004, wanda da shi ake fayyace ma'anar kalmomi, kamar a ce kowace jiha yanki ce na ƙasa. Sai SPARQL a 2008, harshen yi wa waɗannan bayanai tambaya.

Duk wanda ya bi misalinmu na ɗazu zai ga cewa bayani mai gaɓa uku daidai yake da bayanin da muka ba Prolog. Abin da ya rage shi ne ƙa'idoji, kuma a nan aka fara samun cikas. OWL na farko ba ya iya faɗin cewa ɗan'uwan mahaifi baffa ne, domin ba ya iya sarƙa dangantaka biyu ta haifi ta uku. Wannan misali na dangi shi masana suka riƙa bugawa don nuna gibin. Saboda haka aka kawo SWRL a 2004 don ƙara ƙa'idoji a kan OWL, aka fitar da OWL na biyu a 2009 wanda ya iya sarƙa dangantaka, sannan RIF a 2010 domin tsare-tsare daban-daban su iya musayar ƙa'idojinsu.

A nan akwai abin da ya kamata Bahaushe ya lura da shi. Turanci kalma ɗaya gare shi ga ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa. Mu kuwa muna da baffa muna da kawu, kamar yadda muke da gwaggo da inna, kuma kowa ya san matsayinsu ba ɗaya ba ne ranar ɗaurin aure. Idan wanda ya rubuta wa na'ura ma'anar kalmomi bai san wannan bambanci ba, na'urar ba za ta taɓa saninsa ba.

Shin shiru magana ce?

Yanzu na zo kan gundarin jawabina. Babbar matsalar da ta hana Prolog da yanar gizo mai ma'ana haɗuwa cikin sauƙi ita ce tambaya ɗaya: idan ba a rubuta abu ba, me ke nan?

Ku tuna da allon sanarwa na bakin ofishin shugaban makaranta, ranar da ake liƙa sunayen waɗanda suka ci jarrabawa. Idan ka duba sama da ƙasa babu sunanka, ba sai an kira ka an yi maka bayani ba. Jerin cikakke ne, don haka shirunsa magana ce. Haka Prolog yake ɗaukar duniya: abin da ya kasa tabbatarwa, sai ya ɗauka babu shi. Raymond Reiter da Keith Clark sun yi bayanin wannan tsari a rubuce-rubucensu na 1978, ana kuma kiransa rufaffiyar duniya.

To amma ku dubi rajistar ƙungiyarmu. Idan sakatare bai rubuta cewa wani ɗan ajinmu yana da 'ya'ya ba, wannan bai nuna ba shi da su ba. Wataƙila shekara 20 ke nan rabonsa da taro. Haka yanar gizo take. Ba wanda ya gama karanta ta, kuma kullum ƙaruwa take yi. Shi ya sa aka gina RDF da OWL a kan buɗaɗɗiyar duniya: abin da ba a faɗa ba, ba a san shi ba ne kawai.

Kowanne yana da ranarsa. Ba za a iya biyan albashi ko sayar da tikitin jirgi da buɗaɗɗiyar duniya ba, domin dole a yanke hukunci yau. Ba kuma za a iya ɗaukar yanar gizo a matsayin cikakken jeri ba. A 2003 Benjamin Grosof da Ian Horrocks da abokan aikinsu suka zaƙulo yankin da tsare-tsaren biyu suka yi tarayya a kansa, kuma wannan aiki na cikin tushen wani reshe na OWL na biyu da ake iya gudanarwa da ƙa'idoji zalla. Amma wannan yanki bai ɗauki hukunci da shiru ba. Shi ya sa da aka zo RIF, kashi-kashi aka fitar da shi, maimakon harshe guda da zai gamsar da kowa.

Kada a ɗauka wannan gardamar masana ce kurum. Tun a 1986 Kowalski da Marek Sergot da abokansu a Landan suka nuna cewa ana iya rubuta babban ɓangare na dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya ta 1981 da Prolog, na'ura ta riƙa faɗin wanda ya cancanta. To mu kawo abin gida. Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ita ce ma'aikaci ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 da 40. Wanda zai rubuta wa na'ura wannan zai ce: a sallami ma'aikaci a shekara 60, sai fa idan malami ne. A ce wani akawu ya manta bai cika gurbin da ke nuna cewa Malam Wane malami ne ba. Na'urar da ke bin rufaffiyar duniya za ta nemi hujjar cewa malami ne, ta rasa, ta ɗauka ba malami ba ne, ta sa sunansa cikin masu tafiya saura shekara biyar lokacinsa ya yi. Ba ta yi kuskuren manɗiƙi ko ɗaya ba. Laifin na wanda ya ce mata ta ɗauki shiru a matsayin a'a ne, a wurin da ya kamata ta tsaya ta yi tambaya.

Hidimomin yanar gizo

Ɓangare na biyu shi ne inda manhaja ke magana da manhaja ba tare da mutum a tsakani ba. Kowannenmu ya san wannan ko da bai san sunansa ba. Idan za ka tura kuɗi ta waya, ka sa lambar asusu sai sunan mai asusun ya fito. Kwamfutar bankinka ce ta aika tambaya, aka ba ta amsa daga wancan bankin. Irin wannan ake kira hidimar yanar gizo.

A wajajen shekarar 2000 manyan kamfanoni suka fito da tsare-tsare uku: SOAP don aika saƙo, WSDL don bayyana siffar saƙon, da UDDI a matsayin kundin da za a duba a samu mai yin hidimar da ake so. Sai dai WSDL yana faɗin cewa a aiko lamba za a mayar da lamba, ba ya faɗin ko lambar farashi ce ko nauyin kaya. Masu manɗiƙi suka ce a bayyana kowace hidima da abu huɗu: abin da take karɓa, abin da take mayarwa, sharaɗin da sai ya cika kafin ta yi aiki, da abin da ke canzawa bayan ta yi. Wannan shi ne tsarin OWL-S da aka miƙa wa W3C a 2004, kuma a Turai aka yi makamancinsa mai suna WSMO.

Amfaninsa a fili yake. A ce za ka taro Legas daga Kano. Hidimar sayen tikiti sharaɗinta a samu kujera kuma a samu kuɗi. Sakamakonta kana da kujera, kuɗinka ya ragu. Hidimar kama ɗaki sharaɗinta a san ranar isowarka. Idan an rubuta duk wannan, na'ura za ta iya faro tunani daga buƙatarka ta koma baya, kamar yadda ta nemo baffan Bello, har ta jera hidimomin yadda ya kamata. A 2002 Sheila McIlraith da Tran Cao Son suka nuna yadda za a yi haka da Golog, wani harshen manɗiƙi da aka ƙirƙiro a Jami'ar Toronto ta Kanada.

Gaskiyar magana, wannan buri bai cika yadda aka zata ba. A farkon 2006 kamfanonin IBM da Microsoft da SAP suka rufe kundin UDDI na jama'a. Rubuta cikakken bayanin kowace hidima aiki ne mai cin lokaci, kuma wanda ya sha wahalar rubutawa ba shi ne zai fara cin moriya ba. Bugu da ƙari, ɗan kasuwa ba ya son na'ura ta jera shi da abokan hamayyarsa ta zaɓi mai araha. Yawancin kamfanoni suka koma hanya mafi sauƙi, inda mutum ne ke karanta bayani ya haɗa manhajojin da hannunsa.

Abin da ya rage

Duk da haka aikin bai tafi a banza ba. A 2011 Google da Microsoft da Yahoo suka haɗu suka kafa schema.org, wato kalmomi na bai ɗaya da masu shafuka ke amfani da su don nuna cewa wannan farashi ne, wannan ranar taro ce. A shekarar ce kuma na'urar Watson ta IBM ta doke gwanayen gasar kacici-kacici ta Jeopardy a Amurka, kuma akwai ƙa'idojin Prolog cikin abin da take warware jimla da shi. A 2012 Google ya fito da rumbunsa na bayanai masu alaƙa, wanda daga cikinsa ake ciro ɗan akwatin bayanin da kuke gani idan kun nemi sunan gari ko shahararren mutum. A watan Oktoba na wannan shekara aka buɗe Wikidata, rumbun da kowa ke iya sa hannu, wanda ya haura abubuwa miliyan 100, kuma ana yi masa tambaya da SPARQL.

Na san wani zai ce, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 na'ura ke amsa tambaya har da Hausa, me za a yi da wannan tsohon zance? Irin waɗannan manhajoji sun koyi yadda kalmomi ke bin juna ne daga tarin rubutu. Bakinsu da zaƙi, amma idan suka rasa amsa sukan ƙirƙiro ta, kuma bayanin da za su yi maka bayan haka ba lalle ne ya zama hanyar da suka bi ba. Tsarin manɗiƙi ba shi da daɗin baki, amma kowane hukuncinsa yana da matakan da za a iya dubawa, a nuna inda aka kauce, a gyara. A wajen hira da fassara na farko ya fi. A wajen fansho, haraji, ko ɗaukar ɗalibai, ni dai na fi son wanda zan iya tuhuma.

Me ya rage gare mu?

Ina da shawarwari huɗu. Ta farko ga 'yan'uwanmu da ke riƙe da ofisoshi: duk ranar da aka kawo muku manhajar da za ta yanke hukunci a kan mutane, ku yi wa mai kawowa tambaya biyu. Me take yi idan gurbi ya zo babu komai? Kuma za ta iya nuna wa wanda abin ya shafa dalilinta? Idan ya fara kame-kame, kada ku sa hannu.

Ta biyu ga sakatariyar ƙungiyarmu: a rajistarmu a bambanta "babu" da "ba a sani ba". Ƙaramin abu ne, amma daga nan gyara ke farawa.

Ta uku ga malamanmu na Hausa da tarihi da labarin ƙasa, musamman waɗanda suka huta. A 2021 Gidauniyar Wikimedia ta zaɓi Hausa cikin 'yan harsunan da za ta mai da hankali a kansu wajen shigar da kalmomi a Wikidata, da kuma shirinta na rubuta bayani sau ɗaya na'ura ta fitar da shi da harsuna da yawa. Sunayen garuruwanmu, jerin sarakunanmu, jinsin kalmominmu da jam'insu, bambancin baffa da kawu, duk suna jiran mai shigarwa da hujjarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan muka yi shiru, wata na'urar za ta ɗauka babu mu, wata kuma ta ƙirƙiro mana abin da ba namu ba. Ƙannenmu da suka iya na'ura su zauna da malamanmu da suka san abin, aikin zai tafi.

Ta huɗu ga makaranta. Akwai SWI-Prolog, wanda Jan Wielemaker ya fara a Amsterdam a 1987. Kyauta ake samunsa, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsa. A sa ɗalibi ya rubuta danginsa da ƙa'idojin kaka da baffa da kawu da taubashi, ya yi wa na'ura tambaya. Yaron da ya yi wannan na mako biyu ya koyi faɗin abin da yake nufi daidai, kuma zai amfana ko da lauya ko likita zai zama. Ina roƙon kwamiti ya sa wannan cikin abin da za a tattauna idan an zo maganar ɗakin kwamfuta.

Mai girma shugaba, na ga mai kula da lokaci ya fara duban agogo, kuma tun muna 'yan aji ɗaya muka san ma'anar wannan. Ina ƙara godiya ga malamanmu, waɗanda tun kafin mu ga kwamfuta suke mayar mana da takarda idan mun rubuta amsa ba mu nuna yadda muka same ta ba. Allah ya saka musu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mai da kowa gidansa lafiya.